Babi na 7: Maganin Kashe Ƙwayoyin Cuta ga Ƙananan Yara

Darasi na 1: Ba kowane ciwo ba ne

Amoxil, Ampiclox, Septrin da kafso ja-da-yalo duk dangi ɗaya ne. Ƙwayar bakteriya suke kashewa. Mura da tarin hunturu yawanci bairos ke kawo su, waɗannan magunguna ba sa taɓa shi. Zawon da muke ɗora wa haƙori shi ma ruwan gishiri da sukari yake so, ƙunshi ɗaya cikin lita ɗaya, tare da zink na kwana 10. In da jini a kashin, sai asibiti.

Yaro mai tari kuma, ɗaga rigarsa yana kwance shiru, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Ɗan wata 2 zuwa 11 in ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, ki goya shi a tafi.

Darasi na 2: Haɗa garin magani

Dubi jikin kwalba, akwai zane. Sa yatsa a kansa. Tafasa ruwa, ki bari ya huce sarai. Girgiza garin ya warware, zuba ruwa ƙasa da zanen, rufe, girgiza. In kumfa ta kwanta, ɗaga kwalbar daidai idonki, ki ƙara ruwa har zanen. Ruwan ya wuce, magani ya tsinke. A auna da ƙoƙon da ya zo cikin kwali, mai lamba 2.5 da 5, domin cokalin shayi kowane gida da girman nasa. Zafin Gombe a watan Maris ba wasa ba ne. In babu firji, a ajiye kwalbar a gindin randa.

Darasi na 3: A cika kwanaki

Nan ake faɗuwa, don haka mu bi a hankali. In an ce sau uku, to bayan asuba, da ƙarfe 2 na rana, da ƙarfe 10 na dare. In an ce kwana 5, kwana 5 ɗin ne. Ɗauki gawayi, duk shan da ya yi ki ja layi ɗaya a bango. Uku sau biyar, layi 15. Kin iya, ba wuya.

Rana ta uku zazzaɓi zai sauka, yaro ya fita wasa. Ƙirga layukan, tara ne kawai. Inna za ta ce ya warke a daina ɗura masa. Ki ce, "Inna, saura layi shida, malamar asibiti ce ta ce." Abokiyar zama za ta roƙi ragowar don ɗanta. Babu ragowa, na mai shi ne har ya cika kwanakinsa. Maigida kuma in kuɗi sun gaza yakan ce wa mai kemis ya ba shi rabi. Rabin magani yana kashe raunanan ƙwayoyi, masu taurin kai su tsira su hayayyafa, gobe a sayo irinsa ya ƙi ci.

Layi nawa? 15. Sake faɗa. Ba kunya ba ce a manta, amma abin nan kullum ana maimaita shi, har yanzu wasunku daga Bolari zuwa Fantami kuna ajiye rabin kwalba a bayan kwalla wai don wata rana. Haba, iyaye mata! Magani da aka haɗa da ruwa mako guda yake yi, sai a zubar. A cika kwanaki.

Darasi na 4: Ja-da-yalo

Kada a fasa shi cikin koko. Yana ɓata haƙoran yaron da bai kai shekara 8 ba.

Darasi na 5: Kwali

A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Aikin gida: sau biyu a rana, kwana 5, layi nawa?