Ɗaukar hoton namun daji a jihar Damagaram: inda ake yawan tafka kuskure

Yawancin masu sabuwar kyamara a Damagaram, da sun ji an ce hoton namun daji sai hankalinsu ya tafi Termit. Gandun Termit da Tin Toumma, wanda aka kafa a 2012, yana cikin mafi girma a Afirka, kuma dabbar addax mai murɗaɗɗen ƙaho da ake ta labari a can ta yi ƙarancin da mutum zai iya shafe kwanaki yana yawo bai ga ko sawunta ba. Ga kuɗin motar kat-kat da mai, ga izinin jami'an gandun daji, ga batun tsaro da dole a bincika kafin a kama hanyar Tasker, garin da ake bi zuwa can. Wanda bai taɓa kama zalɓe a hoto ba, ya fara da tafkin Gidimuni da ke kan hanyar Gure, inda tsuntsayen ruwa ke taruwa lokacin hunturu, har da baƙi daga Turai. Da damina ma shamuwa tana sheƙa a itatuwan cikin ƙauyuka, ba sai an yi nisa ba.

Kuskure mafi muni shi ne bin dabba da mota. Za ka ji mai hoto yana ce wa direba, "Malam, taka mata, kada ta ɓace!" Barewar da aka kora cikin zafi tana iya faɗuwa ta mutu saboda gajiya bayan kun juya kun tafi, ku kuma abin da kuka samu bai wuce hoton ƙura da bayanta ba. A kashe inji tun daga nesa. A duba inda iska ke kaɗawa, a zauna ta yadda za ta buso daga wajen dabbar zuwa gare ka, don hancinta ya fi idonka aiki. Idan ta ɗaga kai, ta miƙe kunnuwa, ta daina kiwo, ka riga ka matso fiye da kima. Tsaya cak, ko numfashi ka sassauta, har ta mayar da baki ƙasa. A nan ne hoto yake. Farar riga kuwa, komai kyan gugarta, a bar ta don Juma'a, a sa mai launin ƙasa.

Sai lokaci. Mutane sukan karya kumallo a natse, su isa bakin tafki da hantsi, rana ta riga ta take, tsuntsaye sun shige duhuwa, inuwa ta yi baƙi ƙirin. Ana fita ne bayan sallar asuba, ko a jira la'asar sakaliya.

Rairayi ma yana yaudarar kyamara. Da ta ga fari fat sai ta rage haske da kanta, hoton ya fito da duhu, dabbar ta koma toka-toka. Ƙara hasken da mataki ɗaya, ka duba allon, ka gyara. Tsuntsu mai tashi yana son saurin ɗauka na 1/1000 na daƙiƙa ko fiye, in ba haka ba fikafikan su narke. Masu salula su daina jan hoto da yatsu biyu: girma kawai yake yi, ba ya ƙara fitowa.

Kada a canja gilashin kyamara a fili ranar hazo. Ƙwayar ƙura ɗaya in ta shiga ciki, ɗigonta zai bi kowane hoto har a dawo gida. A shiga mota, a rufe tagogi. Kuma ban da goge gilashi da gefen rawani, a hure ƙurar tukuna. Batirin ajiya a kwana da shi cikin aljihu, sanyin daren sahara yana shanye shi.

Akwai wani kuskure da ba a cika lura da shi ba. Waya tana iya adana wurin da aka ɗauki hoto a cikin hoton kansa, kuma mafarauta ma suna da WhatsApp. Kafin ka tura hoton garken barewa ko sheƙar wani tsuntsu, kashe alamar wuri, kada kuma ka rubuta sunan rijiya ko dutsen da ke kusa. "Arewacin Gure" ya wadatar.