Yadda ake auna burbushin nukiliya da ya shiga jikin mutum

Na'urar awo ba ta bambanta abin da ya maƙale a fata da wanda ya shige ciki. Shi ya sa ake fara tuɓe wa mutum tufafinsa a ƙulle a leda, ya yi wanka da sabulu da ruwa mai ɗumi, ban da dirza, kada fata ta ƙuje burbushin ya sami ƙofa. Kafin wankan, in ana zaton shaƙa ya yi, a goge kowace ƙofar hanci da audugarta daban a kai awo. Wannan na gaggawa ne, don hanci kan share kansa cikin awa guda ko makamancin haka. Kuma rashin ganin komai a audugar bai wanke mutum ba, wataƙila ta baki ya yi numfashi.

Sai a rubuta ainihin lokacin da abin ya faru. Duk lissafin da zai biyo baya a kansa ya rataya.

Daga nan irin sinadarin ke nuna hanyar awo. Siziyam-137 na fitar da wani haske da ido ba ya gani mai suna gama, mai ratsa jiki, saboda haka a kan kwantar da mutum a ɗaki mai katangar ƙarfe mai kauri, na'ura ta yi ta ƙirga abin da ke fitowa daga jikinsa. Kada hankali ya tashi in fotasiyam-40 ya bayyana, kowa na da shi, kusan bekarel 4,000 (ma'aunin ƙarfin irin wannan sinadari ke nan) a jikin babba. Aidin-131 kuwa a tayirod yake taruwa, wato halittar wuyan nan da kan kumbura ta zama maƙoƙo. A wuya ake ɗora na'urar, kuma da wuri, domin duk kwana 8 rabinsa yake raguwa.

Fulutoniyam ne mai wuyar sha'ani. Ƙwayoyin alfa da yake harbawa ko takarda ba sa ratsawa, balle ƙirji. Sai dai a tara fitsarin awa 24 cif, da bayan gida, a kai ɗakin gwaji. Mantuwa sau ɗaya a banɗaki kan ɓata lissafin duka.

Awo ɗaya ba ya isa, sai an maimaita cikin kwanaki da makonni a ga yadda jiki ke fitar da shi. A birnin Goyaniya na Birazil a 1987, bayan wani haɗari da siziyam ya bazu cikin jama'a, an duba mutum kusan 112,000, aka sami 249 da siziyam ya taɓa. Da maimaita awon likitoci suka riƙa gane ko Prussian blue, maganin da ke taimaka wa jiki fitar da siziyam, na aiki.