Kurakuran masu ƙaga jinsin haɗin gida a D&D

Na gaji. Duk sabon ɗan wasan da ya kawo mini jinsin da ya ƙaga da kansa, wai in duba ko bai fi ƙarfin sauran ba, sai in tarar da laifin da na gani a takardar na gabansa. A kan bugu na biyar na Dungeons & Dragons nake magana, wanda ya fito a 2014. Wasan tebur ne da kowa ke zaɓar jinsin jaruminsa, ana jefa dayis, ni kuma nake jan labarin.

Uban laifukan shi ne fukafukai tun daga mataki na 1, wato farkon ƙarfin jarumi. Ni kaina na sha wuyarsa. Wani abokina ya zo da jinsin mutanen shaho, hujjarsa ita ce Aarakocra, jinsin mutanen tsuntsu, na nan cikin dokoki, yana tashi ƙafa 50 a kowane zagaye. Gaskiya ya faɗa, na ce to. Kwana biyu na yi ina zana kogi cike da ambaliya, gada ta karye, ga garken kyarketai a ƙetare. Muna zama, gogan ya ɗauki igiya ya tashi ya ɗaure ta a wancan gefen, sannan ya tsaya a sama yana ɗirka wa kyarketan kibau. Kyarkeci dai ba ya jifa, ba ya tashi. Sauran mutum ukun suka zauna suna ɓarar gyaɗa, ko dayis ba su taɓa ba. Ku duba fa, matsafi sai ya kai mataki na 5 yake samun sihirin tashi, na minti 10 kacal, kuma in aka buge shi hankalinsa ya rabu, faɗowa zai yi. Kai kuma ka miƙa wa wani kyauta, dare da rana! Tun ranar, a teburina fukafukai sai dai su sauke mutum a hankali in ya faɗo daga tudu. Tashi na sosai sai mataki na 5.

Na biyu, raunin ƙarya. Mutum zai rubuta cewa sihiri ba ya cin jinsinsa da sauƙi, irin na Yuan-ti, mutanen maciji, da ke jefa dayis biyu ya ɗauki mafi girma, sai ya ce ya biya da cewa "mutanen gari ba sa ƙaunarsa". Haba malam, wa za ka yi wa wayo? Raunin da bai taɓa dayis ba, ado ne. Haka rage wa jarumi mai gatari basira: da ma ba da ita yake faɗa ba. Dubi Drow, jinsin elf mazauna ƙarƙashin ƙasa. In yana cikin rana tsaka, duk harin da zai kai sai ya jefa biyu ya ɗauki ƙarami. Wannan ne rauni. Shi ma in labarinku duka a kogo yake, ya tashi a banza, don haka sai ka san inda za a buga wasan kafin ka yanke hukunci.

Sauran ƙanana ne. Ƙarin makin halaye, irin su ƙarfi da basira, ya tsaya a 2 da 1 kamar yawancin jinsuna; kada ka fake da jinsin wadan dutse mai 2 da 2. Tiefling, mai jinin shaiɗanu, rabin ɓarnar wuta yake sha, to naka don me wuta ba za ta taɓa shi ba sam? Baiwa mai ƙarfi a yi ta sau ɗaya kafin dogon hutu, kamar yadda jinsin rabin-orc ke tsira da makin rai ɗaya a bugun da zai kayar da shi. Gani a duhu ƙafa 60 kuwa ba na ko ƙirga shi, ya zama ruwan dare.

Ni ba na amfani da jadawalin auna maki. Ina ajiye takardar kusa da ta jinsin rabin-elf na cikin dokoki, in tambayi wanda ya fi kowa shiru a tebur: in an ba ka wannan, akwai aikin da za ka zaɓi wani jinsi dominsa? In ya ce babu, na ɗauko jan biro. In ya wuce, mu gwada shi zama uku, da sharaɗin ina da ikon rage masa fiffike bayan haka, kuma mai shi ya amsa a gaban kowa.