Likitan dabbobi da neman kujerar majalisa: inda ake yawan tuntuɓe

Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ba a sake yin zaɓe a Nijar ba, jam'iyyu ma an rusa su a 2025. Duk da haka a Damagaram masu sha'awar kujera ba su daina lissafi ba. Cikinsu har da likitocin dabbobi masu ɗan shagon magani, waɗanda makiyaya ke zugawa: "Likita, in an kaɗa gangar siyasa ka fito, muna bayanka." In kana cikinsu, ga wuraren da na ga na gabanka sun yi tuntuɓe.

Babban kuskuren shi ne ƙirga kowane abokin ciniki a matsayin ƙuri'a. Arɗon da ka ceto wa shanu daga ciwon huhu yana ƙaunarka har zuci, amma yana da katin zaɓe? A ina ya yi rajista? Zaɓukan 2020 a watan Disamba aka yi su, na ƙananan hukumomi da jihohi ran 13, na ƴan majalisar dokoki ran 27. A irin wannan lokaci an gama kaka, garake sun gangaro daga Tanut da Belbeji sun yi kudu, wasu har sun ƙetare iyaka. Wanda ya yi rajista a Tanut, ran zaɓe yana kiwo a karkarar Magarya, ba zai bar dukiyarsa a daji ya hau mota dominka ba. Saboda haka aikin tun lokacin rajista yake farawa: ka san wa ke da takardar haihuwa, wa ba shi da ita, kuma a wace rumfa sunansa zai fito. Kada ka manta da matan rugga da na ƙauye. Awakin da kake yi wa allura yawancinsu nasu ne.

Sai rashin sanin yadda ake raba kujeru. A zaɓen 2020 kujeru 171 ne a majalisar dokoki, kuma in ka cire na musamman da aka ware wa ƙananan ƙabilu, irin ta Tesker, jerin sunayen ƴan takarar jam'iyya aka zaɓa a jiha gaba ɗaya. Farin jininka a kasuwa guda ba ya isa. Kafin ka sayar da ko tunkiya ɗaya, ka zauna da shugabannin da ke tsara jerin, ka ji matsayinka ƙarara, kuma ka karanta dokar zaɓen da za a fito da ita, don ba lalle ta zo kamar ta da ba.

Shago kuwa, nan ne aka fi yin kuka. Ɗan takara ya fara ba da maganin tsutsa kyauta, allura bashi, dusa "sai bayan zaɓe". Wata uku kantoci sun bushe, dillalin da ke kawo kaya ya daina ɗaga waya. Ka raba aljihu biyu, da littafi biyu. Kuɗin kamfe ka yanke musu iyaka, in jika ɗari biyar ce to jika ɗari biyar ce. Abin da ya fi wannan muni shi ne barin sirinji a hannun yaron shago. In ya yi wa saniya mai ciki allurar da ba ta dace ba, ko ya bar ruwan rigakafi ya yi zafi a rana, sunanka ne zai ɓaci, kuma labari a kasuwar dabbobi ba ya kwana.

Alkawari ma a yi hattara. Ɗan majalisa ba ya haƙa rijiya da kuɗin kujera. Doka yake yi, ya amince da kasafin kuɗi, ya tuhumi minista. Ka yi maganar abin da ka sani fiye da kowa: dokar kiwo ta 2010, burtalin da gonaki suka cinye, kwamitocin filaye da ba sa zama, abincin dabbobi mai rahusa da ke isowa bayan bazara ta gama da garke.

Amma in ka hau mumbari kan rikicin manoma da makiyaya, ka tuna manomin Kance ko Mirya shi ma yana da shanun huɗa da ragon layya a turke, kuma kai ne likitansu. Wanda ya bari aka laƙaba masa "ɗan takarar makiyaya" kawai, ya yi asarar kudancin jihar, inda jama'a suka fi yawa.