Kurakuran da sababbin masu duba naman alade ke ta maimaitawa a kwata

Duk shekara sai an turo mana ɗalibai su koyi duba nama, kuma duk shekara kurakuran nan dai su ne, na faɗa da baki har na gaji shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya karanta. A kan shanu da awaki hannunsu na saurin faɗawa. Ranar da aka ce su je gefen gari inda ake yanka alade, nan ake yin ta.

Na farko, wanda ya fi ci min rai: a ɗaga harshe a leƙa, a ce lafiya lau, a buga hatimi. Wa ya koya muku haka? Duba harshe dabarar 'yan kasuwa ce, haka dillalai ke yi a kasuwannin aladu irin ta Katsit can kusa da Kafanchan, su danne dabba su sa sanda a baki su shafa ƙasan harshen ko za su ji ƙwayoyin tsila. To su ciniki suke yi, kai kuma lafiyar mutane aka damƙa maka. Harshe ba ya nunawa sai cutar ta yi yawa, kuma wanda ya san kan sana'arsa zai iya farfasa na harshen tun kafin ka iso. Ƙwayar nan 'yar ƙaramar jaka ce mai ruwa, kamar ƙwayar shinkafa da ta jiƙa, da ɗigon fari a tsakiya, ɗigon nan shi ne kan tsutsar. A cikin tsoka take ɓuya, don haka sai an sa wuƙa: naman muƙamuƙi, zuciya, tantanin da ya raba ƙirji da ciki, da naman kafaɗa. Ni nakan ƙara da naman da ke kwance jikin ƙashin baya ta ciki, wasu abokan aiki na cewa ɓata wa mahauci nama ne, su suka sani.

Akwai wani yaro da na bar wa hatimina na je duba wata saniya da ta kasa tashi, ya leƙa harshe ya sallami gawa guda. Kafin azahar sai ga matar da ta sayi kafaɗa ta dawo da ita a roba, ta yanka ta buɗe a gabana, ƙwayoyi reras kamar an shuka, tana cewa likita wannan ne ka ce a ci? Sunana ne a rajista ba nasa ba. Ni na biya ta kuɗinta, ni na yi ta bin masu saye kwararo-kwararo ina karɓo sauran, ni na amsa takardar tuhuma a ofis. Tun daga ranar hatimina a aljihuna yake kwana. Kuma in ka ga ƙwayoyin sun bazu ba maganar a yanke nan a bar can, gawar duka ta tafi.

Na biyu kuma ku 'yan uwana Musulmi da ku nake. Ka zo ka tsaya nesa, ka toshe hanci da hankici, kana duba nama da ido daga taku biyar, wai ai ba kai za ka ci ba. Ba wanda ya ce ka ci, ni ma ban taɓa ci ba, amma ka san yadda cutar ke yawo kuwa? Wanda ya ci naman da bai dahu ba shi tsila ke girma a hanjinsa, ƙwanta na fita ta bayan gida, daga nan sai ruwa, sai ganyen lambu, sai hannun da ba a wanke ba. Wanda ya haɗiyi ƙwan ko bai taɓa ganin alade ba ƙwayoyin na iya zama a ƙwaƙwalwarsa, ka ga yaro lafiyayye ya fara farfaɗiya a ce iska ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wurare da dama da cutar ta yi katutu kusan kashi 30 cikin ɗari na masu farfaɗiya daga nan ne. To latas ɗin da kake saya a Tudun Wada ka san wane hannu ya taɓa shi? Sa safar hannu ka matso ka yi aikinka, in ba za ka iya ba ka faɗa tun wuri a turo wani.

Sauran ƙanana ne amma su ma suna ɓata aiki.

Zuwa a makare. In ba ka ga dabba a tsaye ba, ba ka san ko da zazzaɓi aka kawo ta ba, ko ma mushe aka feɗe maka. Naman da ya yi duhu, jijiyoyi cike da jini, ka tsaya ka yi tambaya.

Kaluluwar ƙasan muƙamuƙi yanka ta ake yi, ba latsawa ba, a nan tarin fuka ya fi nunawa a alade.

Kada ka yanke hukuncin ciwon shawara da hasken tocila da asuba. Ka jira gari ya waye ka dubi farin ido da jijiyoyi, in su ma sun yi rawaya ba kitse kaɗai ba, an gama magana.

Jajayen tabo masu kusurwa huɗu a fata alamar wata cuta ce da ke kama hannun mutum in akwai ɗan yanka, na sha ganin yatsun mahauta sun kumbura saboda ita.

Wuƙa biyu ake riƙewa. Wadda ta shiga mugunya ta koma ruwan zafi.

In ka ga saifa ta kumbura ta yi baƙi, ƙoda da ɗige-ɗigen jini, ka yi zargin zazzaɓin aladu na Afirka, wanda ya yi ɓarna a Oke-Aro wajen Legas a 2020. Mahauci zai ce maka ai ba ya kama mutum, kuma gaskiya ya faɗa, amma naman dabba mai zazzaɓi ba na ci ba ne, sannan a cikin naman cutar ke tafiya gonar wani. Ka hana, ka kai rahoto.

Sai abin da ke biyo bayan hukunci, nan ma ana sakaci. Ka ce nama bai yi ba ka juya ka tafi shan shayi, ka dawo ka tarar ya yi ƙafa. Mahaucin nan wata ƙila bashi ya ci ya sayo dabbar, zai roƙe ka, zai ce likita ka rufa min asiri, wani har da 'yar ambulan. Ni ba na musu da kowa, nakan kira babbansu in nuna masa abin da na gani da idonsa, in sassare naman in kwarara masa kananzir, kuma ba na barin wurin sai an haƙa rami mai zurfin da kare ba zai tono ba an rufe a gabana.