Kurakuran da aka fi yi wajen sa ido kan kurmin kelf na teku, da yadda ake gyara su

Kelf doguwar gansakuka ce ta teku, mai launin ƙasa-ƙasa, wadda ke fitowa a kan duwatsu cikin ruwa mai sanyi kusa da gaɓa. Ba ta da saiwa irin ta bishiya. Wani abu ne mai kama da yatsu take riƙe dutse da shi, sannan ta miƙe sama da taimakon ƙananan jakunkunan iska da ke gindin ganyenta. Babbar cikinsu, wadda masana ke kira Macrocystis pyrifera, takan haura mita 30, kuma in ruwa ya yi mata daɗi tana iya ƙara kusan rabin mita a yini guda. Inda ta yi yawa sai wurin ya zama kurmi sosai, kifaye da dodon koɗi da ƙaguwa da sauran halittu su samu mafaka.

Wannan saurin girma shi ne tushen wahalar mai sa ido. Kurmin da ke tudu yakan ɗauki shekaru kafin ya sauya kama, amma na kelf guguwa ɗaya ta hunturu tana iya tumɓuke shi, bayan shekara biyu kuma ka tarar da shi ya dawo kamar ba a yi komai ba. Yawancin kurakuran da za a ambata a nan uwarsu ɗaya: ko dai a ɗauki kai-komon da kurmin ya saba yi a matsayin mutuwa, ko kuma mai awo ya sauya hannu ya ce teku ce ta sauya.

Yanke hukunci da awon shekara uku

Wannan ne kan gaba. A yi nutso shekara uku a jere, a ga kelf na raguwa, a zana layi ya gangara ƙasa, a ce kurmin ya kama hanyar ƙarewa. A shekarun 1982 da 1983, lokacin babban El Nino (wato ɗumamar ruwan Tekun Fasifik da ke zuwa lokaci-lokaci), ruwan ɗumi da manyan raƙuman ruwa sun yi kaca-kaca da kurmin Point Loma da ke gaɓar San Diyego a Kalifoniya. Wanda ya tsaya a nan zai rantse an gama. Amma masu bincike na cibiyar nazarin teku ta Scripps, irin su Paul Dayton da Mia Tegner, sun ci gaba da komawa wurin, suka ga ya farfaɗo da ruwa ya sake sanyi. El Nino yakan dawo duk bayan shekara 2 zuwa 7, akwai kuma wani juyin zafi da sanyi na Tekun Fasifik da ke ɗaukar shekara goma ko fiye. Awon da bai ratsa irin waɗannan juye-juye sau da dama ba, bai isa a kafa hujja da shi ba.

Gyaran ba shi da daɗin ji: a rage buri, a tsawaita lokaci. Gara wurare biyar da za a iya komawa duk shekara har shekara 20 da wurare hamsin da kuɗinsu zai ƙare a shekara ta uku. Hukumar gandun tsibiran Channel Islands na Kalifoniya ta fara sa ido kan kurminta tun 1982, shirin bincike na gaɓar Santa Barbara kuma tun 2000, kuma abin da ya ba bayanansu daraja shi ne ba su tsaya ba.

Haka nan kada a ɗauki labarin wuri ɗaya a ɗora wa duniya. Wani babban nazari da aka fitar a 2016, wanda ya tattara awon kusan shekara 50, ya nuna kelf ta ragu a kashi 38 cikin ɗari na yankunan da aka duba, ta ƙaru a kashi 27, sauran kuma ba a ga sauyi ba.

Kallo daga sama kawai

Taurarin ɗan'adam na Landsat sun yi wa wannan fanni babbar rana. Tun 1984 ake da hotuna masu amfani, kowane ɗigo a hoton faɗin mita 30 ne, kuma tauraro yakan dawo wuri ɗaya duk kwana 16. Sai dai abin da yake gani shi ne ganyen da ke yawo a saman ruwa kaɗai. In teku ta cika, ko igiyar ruwa ta yi ƙarfi, ganyen yakan nutse, sai hoto ya nuna kurmin ya ragu alhali yana nan. Hoto biyu na wuri ɗaya a mako biyu na iya saɓa wa juna saboda wannan kawai. Saboda haka a rubuta matsayin cikar teku na sa'ar da aka ɗauki kowane hoto, a daidaita lissafi da shi, kuma a haɗa hotuna da dama na zango guda maimakon dogaro da ɗaya.

Abin da ya fi wannan muni: nau'o'in kelf da yawa ba sa kaiwa saman ruwa sam. Ecklonia radiata ta Ostireliya da Laminaria hyperborea ta gaɓar Norwe gajeru ne, a ƙasa suke zama. Tauraro ba zai ba ka labarinsu ba. Dole mutum ya shiga ruwa, ko a saukar da kyamara.

Da sauri a faɗi kuskuren lokacin awo, don kowa ya san shi amma ana ta faɗawa ciki. Kelf ɗin arewacin Kalifoniya, Nereocystis luetkeana, yawanci shekara ɗaya take yi. Takan cika a ƙarshen lokacin zafi, guguwar hunturu ta kwashe ta. Wanda ya auna a Satumba bana, ya auna a Maris baɗi, bambancin watanni ya auna. A tsayar da makonni guda a kalanda, a manne musu.

Ƙirga kelf, a manta da masu cin ta da masu cin su

Nan ya kamata a daɗe, domin nan ne darasi mafi tsada yake. A 2013 wata cuta ta ɓarke cikin taurarin teku, wasu halittun ruwa masu siffar tauraro, a gaɓar yammacin Amurka ta Arewa, tana narkar da jikinsu. Wadda ta fi jin jiki ita ce babbar tauraruwar nan mai hannuwa kusan 20, Pycnopodia, wadda abincinta ya haɗa da bushiyar teku, wato wata ƙwallon halitta mai ƙayoyi da ke kiwo a kan kelf. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: daga 2014 zuwa 2016 wani makeken ruwan ɗumi ya mamaye arewa maso gabashin Fasifik. Kelf ta raunana, bushiya mai launin shunayya ta rasa mai tsare ta, yawanta ya ninka kusan sau 60 a gaɓar Sonoma da Mendosino da ke arewacin Kalifoniya. Cikin ’yan shekaru sama da kashi 90 cikin ɗari na kurmin wurin ya tafi. Dodon koɗin nan da ake kira abalon ya mutu da yunwa, har a 2018 hukumomin Kalifoniya suka rufe kamunsa.

Yanzu a ɗauka wani yana auna faɗin kurmin da zafin ruwa kawai. Zai ce zafi ne ya kashe shi, ya zauna jiran ruwa ya huce. Ruwa ya huce, kurmin bai dawo yadda yake ba. Dalili kuwa bushiya ce. Tana iya shekaru cikin yunwa ba ta mutu ba, tana lashe duk wani tsiro da ya leƙo. Abin da aka lura da shi a ƙasashe daban-daban shi ne, bushiyar da ake buƙata don mayar da kurmi fako tana da yawa, amma wadda za ta hana fakon komawa kurmi kaɗan ce ƙwarai. Wanda bai san adadinta kafin ɓarnar ba, ba zai san iya inda za a rage ta ba in an zo gyara.

Tsibiran Alushiyan na Alaska sun koyar da wannan tun da daɗewa. A farkon shekarun 1970 James Estes da abokin aikinsa sun kwatanta tsibiran da ke da karen ruwa na teku da waɗanda ba su da shi, suka ga inda yake akwai kurmi, domin yana cin bushiya. A shekarun 1990 karnukan suka ragu matuƙa, abin da masu binciken suka danganta da farautarsu da orka, wata babbar dabbar teku, ke yi, bushiya ta yi yawa, kurmi ya bi. Ruwa ba ya tsami banza, amma wani lokaci abin da ya tsamar da shi yana hawa uku sama da inda kake dubawa.

Gyara: a kowane layin awo, wato layin da mai nutso ke bi a ƙasan teku, a ƙirga bushiya, a auna girmanta, a rubuta ko tana ɓoye cikin tsaguwar dutse ko ta fito fili tana yawo, domin fitowarta alama ce ta yunwa, kuma takan riga ɓarna zuwa. A ƙirga masu cin ta. A duba ƙananan tsiron kelf da ke ƙasa, tun da su ne kurmin baɗi. A tuna kuma cewa kelf tana da wani mataki na rayuwa da ido ba ya gani, don haka dutsen da ya yi kamar ba komai a kansa ba lallai ne ya zama babu iri ba.

Zafin saman ruwa, da matsakaicin wata

Tauraro yana auna fatar teku ne kawai. A lokacin zafi ruwan mita 15 a ƙasa na iya fin na sama sanyi da digiri da yawa, kuma can ne gindin kelf da ’ya’yanta suke. A ɗaure na'urar awo a ƙasa, wata a tsakiya, wata kusa da sama.

Sannan matsakaicin wata yana haɗiye kwanakin da suka yi ɓarna. Ma'anar da masana suka fi amfani da ita tun 2016 ita ce: tsananin zafin teku shi ne kwana 5 ko fiye a jere da zafin ruwa ya kai matakin da, a wannan lokaci na shekara, awo 10 kawai cikin 100 na shekarun baya suka haura. A 2011 irin wannan zafi ya kashe kurmin Ecklonia a tsawon kusan kilomita 100 na gaɓar yammacin Ostireliya, wajen Kalbarri, wata gajeriyar gansakuka ta maye gurbinsa. Na'ura ta riƙa ɗaukar awo duk minti goma ko makamancin haka, a ajiye ɗanyen awon. Matsakaici kullum ana iya fitar da shi daga baya, amma ba a iya komawa baya.

Kada kuma a ɗauka zafi shi kaɗai ke aiki. A kudancin Kalifoniya, da zarar ruwa ya wuce digiri 15 ko 16 na Salsiyas, sinadarin naitiret da kelf ke ci yakan kusa ƙarewa, domin ruwan sanyi da ke tasowa daga zurfi ne ke kawo shi. Ke nan kelf ɗin da ta yi fari-fari ta lalace a ruwan ɗumi, mai yiwuwa yunwa ce ta fi zafi cin ta. A riƙa ɗebo ruwa ana auna sinadarin lokaci-lokaci.

Yarda da na'ura ido rufe

Duk abin da aka bari cikin teku, halittu za su hau shi. Gansakuka ta rufe idon na'urar auna haske, sai awo ya nuna ruwa na ƙara duhu wata bayan wata. Na'urorin auna iskar oksijin da tsamin ruwa sukan karkace a hankali. A wanke su a kan kari, a gwada su da ma'auni sananne kafin sakawa da bayan cirewa. In za a sauya tsohuwa da sabuwa, a bar su tare su yi aiki na wasu makonni, in ba haka ba tsallen da za a gani a jadawali ba za a san na teku ne ko na kamfani ba. Agogon kowace na'ura kuma a sa shi kan lokacin duniya guda, ba na gari ba. A gadar Scripps ana auna zafin ruwa kullum tun 1916, kuma duk da na'urorin zamani ba a daina ɗebo ruwa da hannu ba. A ganina wannan ba gargajiyanci ba ne, hankali ne.

Zaɓen wuri mai kyau, da gudun wurin da ya mutu

Mai fara aiki yakan kafa layukansa inda kurmin ya fi cika, don nan ne abin kallo. Amma wurin da aka zaɓa yana ƙololuwa ba shi da inda za shi sai ƙasa, sai awo ya nuna raguwa ko da yankin lafiya lau yake. A zaɓi wurare ta hanyar ƙuri'a cikin duk inda dutse da zurfi suka dace da kelf, har da waɗanda ba ta a kai yanzu. Da haka ne kawai za a ga yaɗuwa, kamar yadda aka ga Ecklonia maxima ta matsa gabas a gaɓar Afirka ta Kudu.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne a daina zuwa wuri don kelf ta ɓace. Sifili awo ne. A takardar bayanai dole a bambanta "mun duba babu" da "ba mu je ba". Gurbin da aka bari fayau, bayan shekara goma ba wanda zai iya cewa wanne ne.

Kuma shekarar da ka fara ba ita ce asalin yadda teku take ba. Masanin kamun kifi Daniel Pauly ya ja hankali kan wannan a 1995: kowane zamani yana ɗaukar abin da ya tarar a matsayin daidai. Wanda ya fara awo a gabashin Tasmaniya yau zai ga ’yan guntayen kurmi ya ce haka wurin yake, alhali kusan kashi 95 cikin ɗari na babbar kelf ɗin can ya riga ya tafi, sakamakon ruwan ɗumi na Igiyar Gabashin Ostireliya da ke ƙara gangarowa kudu. A 2012 gwamnatin Ostireliya ta sa kurmin cikin jerin masu fuskantar barazana. Tsofaffin hotunan jirgin sama, taswirorin matuƙa jiragen ruwa da bakin tsofaffin masu nutso suna cike wannan giɓi.

Saura mutane. Masu nutso biyu za su bi layi ɗaya, ɗaya ya ƙirga bushiya 40, ɗaya 55, don wannan yana leƙa ƙarƙashin dutse, wancan ba ya yi. A farkon kowane zango a sa su bi layi guda a kwatanta sakamako, a rubuta sunan wanda ya yi kowane awo da nisan da ido ke gani a ruwan ranar. Ƙa'idar aikin ta zama a rubuce dalla-dalla: tsawon layi, faɗinsa, daga wane tsayi ake ƙirga tsiro a matsayin babba, ina aka kafa ƙusar farko da ta ƙarshe. In dole ta sa a sauya ƙa'ida, a yi tsohuwa da sabuwa tare na zango ɗaya ko biyu, a rubuta ranar sauyin a cikin fayil ɗin bayanan kansa, kuma a ajiye kwafinsa a wuri na biyu da ba ya hannun mutum ɗaya.