Yadda Ake Bin Diddigin Ma'anar Sunan El Shaddai

Duk mai son sanin abin da El Shaddai yake nufi a Ibrananci, kada ya fara da ƙamus, ya fara da tattara ayoyin da sunan ya fito a cikinsu. Kashin farko, wato El, ba ya ba da wahala, domin tsohuwar kalma ce mai nufin abin bauta, 'yar uwar ilah ta Larabci. Aikin duka yana kan Shaddai.

Kalmar ta fito sau 48 a Tsohon Alkawari, kuma 31 daga ciki suna littafin Ayuba. Ka fara da Farawa 17:1, inda Allah ya bayyana ga Abram, wato Ibrahim, yana da shekara 99, ya gabatar da kansa da wannan suna, ya yi masa alkawarin zuriya mai yawa. Daga nan ka bi 28:3 da 35:11 da 48:3, za ka tarar cewa a kowanne wuri maganar albarka da haihuwa da yalwar iri ake yi. Fitowa 6:3 ta ƙara haske, inda aka faɗa wa Musa cewa da sunan El Shaddai ne Ibrahim da Ishaku da Yakubu suka san Allah, ba da sunan Yahweh ba. Kada ka tsallake Rut 1:20-21, inda Na'omi, bayan ta rasa mijinta da 'ya'yanta biyu, ta ce Shaddai ne ya ɗanɗana mata ɗaci. Sunan da ke buɗe mahaifa a Farawa shi ne ake kuka da shi a nan.

Bayan haka sai ka duba tsofaffin fassarori, domin ma'anar "Mai Iko Dukka" da aka saba ji daga wurin masu fassara ta fito. Fassarar Girkanci ta Saftuwajin ta yi amfani da Pantokrator, wato "Mai Iko Dukka", a wurare da yawa cikin Ayuba, amma a Farawa sai ta wadatu da "Allahnka" ko "Allahna". Jerom, a fassararsa ta Latin, ya zaɓi omnipotens, mai wannan ma'ana, kuma sawunsa ne yawancin fassarorin da suka zo daga baya suka bi.

Sai yanzu ne za ka shiga batun tushen kalmar, kuma ya kamata ka auna kowane ra'ayi da ayoyin da ka tattara. Akwai masu danganta ta da shadad, wato hallakarwa, suna kafa hujja da Ishaya 13:6 da Yowel 1:15, inda aka ce shod, wato hallaka, yana zuwa daga Shaddai. A ganina wannan wasa da sauti ne irin na annabawa, kuma kamannin sauti ba ya tabbatar da asali. Malaman Yahudawa na dā sun raba kalmar gida biyu, she da dai, wato "wanda ya isa", har Talmud, kundin koyarwarsu, ya ce shi ne wanda ya ce wa duniya "ya isa" sa'ad da take ta faɗaɗa. Wasu kuma sun duba shad, wato nono, saboda Farawa 49:25 ta ambaci Shaddai tare da albarkar nono da ta mahaifa. Ra'ayin da ya fi samun karɓuwa a wurin masana shi ne wanda masani William Albright ya ƙarfafa a 1935, cewa kalmar dangin shadu ce ta harshen Akkad na tsohuwar ƙasar Iraƙi, mai nufin dutse, don haka sunan na nufin "na kan dutse".

A ƙarshe ka leƙa wajen Littafi Mai Tsarki. A 1967 an tono wani rubutu da aka yi a kan farar ƙasar bango a Deir Alla, cikin ƙasar Jodan, wanda yake ba da labarin Bal'amu ɗan Beyor, ya kuma ambaci wasu alloli da ake kira shaddayin. Ka ajiye shi kusa da Littafin Ƙidaya 24:4 da 24:16, inda Bal'amun nan da bakinsa ya kira kansa mai ganin wahayin Shaddai.